Wannan ɗan tsiron da na gani a kan dutse, ashe shi ne jan shayin nan

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ku duba hotuna ukun nan da na turo, ina so in ga ko akwai wanda zai gane tsiron kafin in faɗa. Ranar Asabar ɗin nan muka hau duwatsun Cederberg nan Afirka ta Kudu ni da abokan karatuna, wajen kilomita 230 ne arewa da Cape Town, muka bi ta garin Clanwilliam muka haura mashigin Pakhuis. Tsiron ko gwiwata bai kai ba, ya baje a kan yashi a tsakanin duwatsu, ganyensa sirara kamar allura, furanninsa 'yan mitsi-mitsi rawaya. Na wuce irinsa ya fi sau goma ban ko kula ba sai da dattijon da yake mana jagora, ɗan yankin ne, ya durƙusa ya nuna min da hannu.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai furen ya yi min kama da na gyaɗa

Sani Gembu: Ba filasko ba ne kuwa? a'a ganyen ba haka yake ba

Auwalu: Hajiya kin kusa wlh, danginsu ɗaya da gyaɗa da wake. Shi ne rooibos, ana kiransa roibos, da yaren Afirkans ma'anarsa jan daji ko jan tsiro. Jan shayin nan da ake sayarwa a manyan kantuna a kwali wanda ake cewa ba ya hana barci, to daga jikin wannan ake yinsa. A littafi sunansa Aspalathus linearis. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne a duk faɗin duniya babu inda yake fitowa da kansa sai wannan yankin na Cape, musamman Cederberg da kewayenta zuwa tudun Bokkeveld wajen Nieuwoudtville, shi ke nan fa.

Maman Ummi: Ikon Allah! yanzu haka akwai kwalinsa a kicin ɗina, 'yata ce take kawo min daga Abuja. Amma Auwalu ai wannan kore ne shar, shi kuwa shayin ja ne jawur, ko rini suke zuba masa?

Auwalu: Ba rini Hajiya. In an yanko shi da lauje a ɗaure dami-dami a kai wajen inji a daddatsa shi ƙanana, sai a murje shi a yayyafa ruwa a tara shi tsibi a kan wani faffaɗan daɓe ya kwana, to a nan iska take shiga jikinsa ya rine ya koma ja kuma ƙanshin ya fito, kin san yadda goro yake rinewa in an ɓare shi an bar shi, kusan haka ne. Da safe a baje shi rana ta busar. Akwai kuma wanda ba a barinsa ya kwana, nan take ake busarwa, shi ne suke sayarwa da sunan koren roibos. Yankan kuma daga Janairu zuwa Maris ake yi lokacin zafinsu, kun san nan yanayin a juye yake, Yuni da Yuli ne sanyi, yanzu Oktoba da yake fure su bazararsu ce.

Sani Gembu: To Malam Auwalu ni ga inda hankalina ya tafi. Mu nan Mambila muna da tudu muna da sanyi, ga gonar shayi nan a Kakara shekara da shekaru ana yi. In ka dawo hutu ka taho min da iri ko gwangwanin madara ɗaya ne in gwada, in ya yi ai mun samu abin yi, wannan kwalin da Hajiya take magana na san ba arha ake sayar da shi ba

Nura: Wannan ita ce magana. Kullum sai dai mu yi ta sayen kayan wasu

Auwalu: Yaya Sani na san za ka faɗi haka, ni ma abin da ya fara zuwa min rai ke nan a kan dutsen. Amma bari in gaya maka yadda wurin yake sai ka auna da kanka. Ƙasar ba jar ƙasa mai danƙo irin taku ba ce, yashi ne tsagwaronsa wanda ya zubo daga jikin dutse, ga tsami ga rashin taki, in ka ɗebo a hannu zubewa yake yi. Ruwan sama kuma da sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta, kuma ba shi da yawa, galibi bai wuce milimita ɗari huɗu zuwa ɗari shida a shekara ba. In zafi ya shigo sai ruwa ya ɗauke gaba ɗaya rana ta yi ta dukan ƙasa har zafin yakan kai digiri 40. Shi tsiron a haka ya ginu, yana da uwar saiwa guda da take nutsawa ƙasa mita biyu ko fiye tana neman laima, sannan a jikin saiwoyin akwai 'yan ƙurajen nan irin na gyaɗa da ƙwayoyin halitta suke zama a ciki suna haɗa masa taki daga iska. Ku kuwa ruwanku ya ninka nasu sau uku ko fiye kuma yana zuba wata bakwai a jere lokacin da ƙasa take da ɗumi, saiwar ruɓewa za ta yi. An kai shi ƙasashe irin su Ostareliya da Amurka an gwada, masu kuɗi da ɗakunan bincike, har yau babu inda ya zama noman kasuwa sai gidansu.

Sani Gembu: Amma ai shi ma shayin Kakara ba ɗan nan ba ne kawo shi aka yi. Masara ma kawo ta aka yi, rogo kawo shi aka yi, da kakanninmu sun ce ba zai yi ba da yanzu me muke ci

Baba Alhaji: Sani ya yi magana mai ma'ana, kada a yi saurin kashe masa gwiwa. Sai dai ni a shekarun da na yi ina aikin gona na ga abu biyu, akwai shukar da duk inda ka kai ta tana karɓar baƙunci, akwai kuma wadda ta san gidanta. Goro nawa muke ci a Kano, wa ya taɓa girbar goro a Kano? Dabino kuma kai shi kurmi ka gani, zai yi ganye ya ƙi 'ya'yan kirki. Shayin Kakara ya zauna ne don can inda aka ɗauko shi ma tudu ne mai yawan ruwa, ya tarar da abin da ya baro. Wannan na Auwalu abin da ya baro babu shi a Mambila.

Sani Gembu: Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. To Jos fa ko wajen jigawa inda yashi yake?

Auwalu: Yashin akwai Yaya, lokacin ruwan ne matsalar. Mu duk ƙasar Hausa ruwa da zafi tare suke zuwa, sanyi kuma da rani. Shi akasin haka yake so.

Issoufou Konni: Salamu alaikum jama'a, ina biye da ku tun ɗazu. Auwalu ina da tambaya, wanga da ka ɗauka hoto na daji ne ko na gona? don ni hotunan da na taɓa gani layi-layi ne kamar gonar gero kuma sun fi wanga tsawo sosai

Auwalu: Yawwa Malam Issoufou, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, dama abin da nake son mu tattauna ke nan. Na daji ne. Wanda ka gani a layi shi ne na gona, yana miƙewa tsaye ya kai ƙirjin mutum, kuma kusan duk gonakin iri guda suke shukawa wanda aka zaɓo daga nan wajen Pakhuis tun shekarun 1930. Na daji kuwa kala-kala ne, wani dogo wani dunƙulalle wani kuma irin wannan mai rarrafe a ƙasa, mutanen yankin kowanne da sunan da suke kiransa. Babban bambancin sai wuta ta zo ake ganinsa. Wannan dajin da suke kira fynbos daji ne na gajerun itatuwa masu ƙananan ganye, babu inuwar kirki a cikinsa, kuma ɗabi'arsa ce ya ƙone duk bayan shekara goma zuwa ashirin, wutar ce take sabunta shi. Na gona in wuta ta ci shi ya mutu ke nan sai dai iri, ko babu wuta ma shekara biyar ko shida ya gaji a tuge a sake dashe. Amma irin wannan mai rarrafen yana da wani kututture a ɓoye cikin ƙasa, wuta ta cinye samansa ƙurmus ruwa na sauka ya sake tofowa, fari ma ya fi jurewa. Dattijon nan ya tona gefensa kaɗan da yatsa ya nuna min kan kututturen, kauri kamar damtsena, a ƙarƙashin abin da ko gwiwa bai kai ba, ya ce tun yana yaro yake yankar waɗannan gindin kuma ba duk shekara suke yanka ba, in sun yanka ma ba sa aske shi tas sai sun bar masa na rayuwa. Sannan ya mayar da yashin ya rufe ya daddanna da tafin hannu. Gaskiya abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Maman Ummi: Allah sarki

Auwalu: Abin damuwar shi ne da kasuwar shayin ta buɗe, Japan na saye Jamus na saye Holan da Ingila na saye, sai aka yi ta kai tarakta ana kaftar dajin ana mayar da shi gona, ga kuma masu noman dankalin turawa ta ɓangaren Sandveld. To in garma ta bi ta kan wannan kututturen an gama da shi, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yankin Cape ɗin nan yana da nau'in tsirrai wajen 9,000, kusan kashi 70 cikin ɗari babu su ko'ina a duniya sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2004. Wani tsiron gaba ɗaya duniyarsa gefen dutse guda ne. Wato ana share na asali mai jure wuta da fari don a shuka ɗan uwansa mai rauni, alhali zafi ƙaruwa yake yi ruwa na raguwa, kun dai tuna 2018 da Cape Town ta kusa rufe famfo.

Nura: To ai mutane sai sun ci abinci Auwalu. Kai ka je yawon buɗe ido ka ga fure ya ba ka sha'awa, shi manomin yana da iyali da ma'aikata. Mu ma nan ai haka ake ce mana kar a sare daji kar a yi gawayi, to a dafa abinci da me

Auwalu: Ban ce kar a yi noma ba Nura. Shi dattijon ma manominsa ne yana da 'yar gonarsa. Cewa na yi akwai tsofaffin gonaki da za a iya hutar da su a sake komawa, ba sai an shiga sabon daji ba. Kuma ko don noman kansa ai na dajin ne jari, ran da cuta ko fari ya kama wancan iri gudan da kowa ya dogara da shi ina za a je neman mai ƙarfi in an riga an kafce shi?

Baba Alhaji: Wannan gaskiya ne. Mu ma irin gero da dawa na gargajiya nawa muka yar saboda na zamani, yanzu ana bi ƙauye-ƙauye ana cigiyarsu

Maman Ummi: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni abin da ya sa nake shansa an ce min yana maganin hawan jini da suga, har wata ƙawata ta ce in na dage da shi zan iya ajiye ƙwayoyin asibiti. Sannan an ce ana ba jarirai in suna kukan ciwon ciki, jikata wata biyu ke nan ba ma barci

Anti Rabi: Hajiya don girman Allah kar ki ajiye maganinki, ina roƙonki. Ni aikina ke nan harhaɗa magunguna shekara goma sha, abin da yake tabbas game da wannan shayin shi ne ba shi da sinadarin kafeyin ɗin da yake cikin lifton da kofi da goro, shi ya sa ba ya hana barci ba ya sa bugun zuciya, kuma baurinsa kaɗan ne ko ya daɗe a wuta ba ya ɗaci. To ga mai hawan jini in ya bar shayi mai kauri ya koma wannan ya yi wa kansa gata, musamman in bai cika masa sukari da madara ba. Yana kuma da wani sinadari da ake kira asfalatin wanda ake ta bincike a kansa game da suga, amma yawancin gwajin a ɗakin bincike ne da jikin ɓeraye, bai kai a ce wa mutum ya ajiye magani ba ko kusa. An ma taɓa samun ɗaiɗaikun mutane da suka yi ta ɗirkarsa ba ƙaƙƙautawa gwajin hantarsu ya nuna matsala, ba kasafai ba ne amma ya faru. Kofi biyu uku a rana ba komai. Jaririya 'yar wata biyu kuwa nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba ta balle shayi, in kukan ya yi yawa a kai ta a duba ta.

Maman Ummi: To na ji Anti, na gode Allah ya saka da alheri. Dama ban daina ba tukuna

Auwalu: Maganar jariran nan tana da asali, wata mata ce 'yar ƙasar mai suna Annique Theron a 1968 ta ce ta ba 'yarta mai yawan kuka ta ga ta samu sauƙi, daga nan ta yi ta yayatawa har ta kafa kamfani a kai. Shaidar uwa guda ce ta bazu, don haka a bi maganar Anti Rabi.

Issoufou Konni: Auwalu koma kan iri, ka ce an zaɓo shi shekarun 1930, kenan kahin nan ba a noma shi?

Auwalu: Ba a nomawa, hawa dutse ake yi a yanko a ɗoro wa jakuna a sauko da shi, a daddatsa da gatari a bubbuga da kulki. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga Rasha, Benjamin Ginsberg, shi ya fara saye a hannun mutanen dutsen yana sayarwa tun 1904. Da buƙata ta yi yawa aka so nomawa sai iri ya gagara, don kowane kwanso ƙwaya ɗaya tak ke ciki 'yar ƙarama, yana nuna kuma sai ya fashe ya cillar da ita cikin yashi. Likitan garin Clanwilliam, Dakta Pieter Nortier, shi ya ɗauki abin da gaske, yana sayen iri a hannun mutanen ƙauye da awon kwalin ashana, su kuma su wuni suna tankaɗe yashi da rariya. Sai wata mata 'yar yankin ta riƙa kawo fiye da na kowa, ashe ta lura tururuwa na jan ƙwayoyin ne ta bi su har gidansu ta tona ta tarar da rumbu guda. Bayan an samu irin kuma ya ƙi tsirowa saboda taurin ɓawo, sai da likitan ya gano a goge bayan ƙwayar tsakanin duwatsun niƙa ta ɗan kankaru sannan ruwa ya shiga.

Issoufou Konni: Subhanallahi. Wanga magana ta tururuwa ta taɓa ni ƙwarai. Mu nan shekarun yunwa iyayenmu mata gidan tururuwa suke bi suna tonawa su kwashe hatsin da ta tara su sheƙe su dafa ma yara, kakata ta sha ba mu labari tana hawaye. Ashe can ma mace ce ta san wanga sirri. To ita mi ta samu?

Baba Alhaji: Tambayar ke nan Issoufou

Auwalu: Kuɗin kwalin ashana dai. Sunan likita shi ne a kan irin har gobe, da shi ake kiransa. Mutanen da suka san tsiron tun farko, jikokin Khoi da San, waɗanda zanen kakanninsu yake jikin kogunan dutsen nan har yanzu mun gani da idonmu, su mulkin mallaka da wariyar launin fata suka raba su da ƙasar, suka koma 'yan ƙodago a gonakin. Har yau mafi yawan gonakin na manyan manoma fararen fata ne, ƙananan manoma irin na ƙauyen Wupperthal da ƙungiyar Heiveld da aka kafa a 2001 abin da suke fitarwa ɗan kaɗan ne a cikin jimilla, duk da su ne suke riƙe da yankan na daji. A Nuwambar 2019 ne bayan an shafe kusan shekara tara ana ja-in-ja aka sa hannu cewa masana'antar za ta riƙa ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake sayen ganyen a bakin gona, kuɗin farko ya fito a 2022, rand miliyan 12 da 'yan kai a kuɗin ƙasar.

Nura: Ni fa ban gane wannan ba. Tsiro Allah ne ya halicce shi ya fitar da shi a daji, wa ya shuka? Don kakan wani ya fara tsinka sai a ce har abada a riƙa biyan jikokinsa? To mu ma sai mu fara biyan mutanen Meziko kuɗin masara, 'yan Habasha su ce a biya su kuɗin kofi. Wanda ya zuba jari ya gano yadda ake nomawa ya nemo kasuwa ai shi ya yi wahala. Kuma na karanta cewa masana tarihi ma ba su haɗu a kan cewa tun kafin zuwan turawa ana shansa a matsayin shayi ba

Auwalu: Eh akwai wannan saɓanin, ba a samu tsohon rubutu da ya nuna hakan ƙarara ba. Amma su waye suke rubutu a lokacin Nura? Abin da ba a musu a kai shi ne ɗan kasuwar farko a hannunsu ya tarar da shi, su suka san wane gindi ake yanka, su suka san yadda ake rina shi, su suka nemo iri.

Baba Alhaji: Nura ɗana, ba kuɗin halitta aka ce a biya ba, kuɗin sani ne. Ruwan rijiya ma na Allah ne amma wanda ya nuna maka inda za ka haƙa ba ka wuce shi ba sallama. Ni ƙorafina ma akasin naka ne, kashi ɗaya da rabi kuma na farashin bakin gona, ba na kwalin da 'yar Hajiya take saya a Abuja ba, ai wannan an ba su ƙanzo ne bayan an kwashe tuwo. Sai dai na yarda amincewar da aka yi a rubuce cewa ilimin nasu ne ita ma abu ce, da can ko wannan babu.

Nura: To Baba in an ƙara kason ai a kan mai saye zai faɗo, ko a rage wa lebura albashi

Anti Rabi: Leburan ai su ne jikokin nasu Nura

Nura: Shi ya sa nake cewa da albashin aka gyara da filin noma aka ba su ya fi, maimakon kuɗi ya shiga asusun shugabanni wanda talakan ƙauye ba lallai ya gani ba. Mun san yadda irin wannan take ƙarewa

Auwalu: A nan kam ban ƙi taka ba, su kansu ƙananan manoman maganar fili ce a bakinsu kullum, kuma akwai masu ƙorafin cewa ba a sa su a gaba ba lokacin da ake tattaunawar

Issoufou Konni: Ku bari in ba ku namu misali don Nura ya ga abin ba nisa gare shi ba. Albasar Galmi kun san ta, ja mai ruwan hoda wadda ake lodi daga nan jihar Tawa zuwa Abijan da Akara. Kakanninmu suka zaɓi irin nan shekara da shekaru. Kwatsam muka ji wani kamfanin iri na wata ƙasa ya tahi hukumar OAPI mai rajistar haƙƙin mallaka a Yawunde yana so a rubuta mishi irin da sunan Violet de Galmi ya zama nashi. Sai da manoma da gwamnati suka tashi tsaye kahin aka hana. Yanzu an yi ma albasar rajista da sunan yankinta, ita da kilishin Nijar. Da an yi shiru da ɗan Galmi sai ya nemi izni kahin ya saida irin kakanshi da sunan garinsu.

Auwalu: Sak abin da ya faru da roibos. A 1994 aka yi wa sunan rajista a Amurka a matsayin mallakar kamfani, har kamfanin da ya riƙe shi ya riƙa aika wa masu sayar da shayi takardar gargaɗi wai kar su kira shi da sunansa, sai 2005 aka saki sunan bayan shari'a. A 2013 wani kamfani a Faransa ya sake gwadawa. Sai 2021 Tarayyar Turai ta sa shi a rajistar kayan da sunansu yake ɗaure da yankinsu, shi ne kayan abinci na farko daga Afirka da ya samu wannan matsayin, yanzu a can ba ka isa ka rubuta rooibos a kwali ba sai in daga yankin ya fito.

Sani Gembu: Kenan ko da ya yi a gonata ma ba zan iya kai shi Turai da sunan ba

Auwalu: Ba za ka iya ba Yaya. Kuma fitar da irin ma ba a aljihu ake yi ba sai da takardun izini daga can da kuma na masu duba tsirrai a namu ɓangaren, don haka ka yafe min maganar gwangwanin madara. Ganyen dai zan taho maka da shi in sha Allah, na ƙungiyar ƙananan manoman, har da na daji in na samu don ka ji bambancin, ya fi na gona ƙarfi da ƙanshi kamar zuma-zuma.

Maman Ummi: Ni ma a sa ni a lissafi. Kuma ya suke dafa shi can, don ni tsoma shi nake yi kawai in cire

Auwalu: Ki bar shi ya jima Hajiya, minti biyar zuwa goma, a ƙauyukan ma a kan murhu butar take wuni ana ƙara ruwa. Wasu da madara wasu da zuma ko lemon tsami, ni da citta da kanumfari nake haɗawa yana karɓa sosai

Sani Gembu: To shi ke nan na haƙura da iri. Amma maganar Malam Issoufou ta sa ni tunani, akwai ganyaye da tsofaffin Mambila da Fulanin tudu suke tsinkowa a gefen duwatsu suna dafawa wanda ni kaina ban san sunan rabinsu ba, kuma wuraren duk ana bi ana dasa itacen turare ana kafa gona. Gobe in Allah ya kai mu zan je wajen gwaggona da waya in ɗauko hotuna ta gaya min sunayen

Baba Alhaji: Ka rubuta har da inda kowanne yake fitowa da watan da yake fure, kuma ka rubuta sunanta a kai

Auwalu: Ka turo nan Yaya mu gani. Ni ma dattijon ya ce in dawo a Fabrairu lokacin yanka in ga yadda ake barin gindin, in na samu mota zan koma